DARASI: IDAN AKA KAI ƘARAR NAS GABAN HUKUMA

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi 'ya'yanmu da ƙannenmu masu aikin jinya da ungozoma. Duk wadda ta tsaya a Ƙofar Kabuga da sassafe za ta gan su cikin fararen kaya suna tare adaidaita sahu, wasu za su Asibitin Murtala, wasu Asibitin Malam Aminu Kano, wasu asibitocin kuɗi. Kowacce da lasisi take aiki, kuma takardar ƙorafi guda ɗaya tana iya raba ta da shi. To idan hakan ta taso, ina mafita?

Hukumar da ke ba da lasisin ita ce Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, mai hedikwata a Abuja, wadda ke aiki da doka mai lamba 89 ta 1979. Dokar ta tanadi kotun ladabtarwa ta musamman. Idan laifi ya tabbata, tana iya jan kunne, ko dakatarwa, ko ta soke sunan mutum daga rajista ɗungurungum. Abubuwan da ake iya kai ƙara a kansu sun haɗa da sakaci da majinyaci, kuskuren magani, barin bakin aiki, tona asirin mara lafiya, da yin aikin da ya wuce hurumin nas. A lura, hukuncin wurin aiki daban, na Majalisa daban, shari'ar kotu ma daban. Magana ɗaya tana iya bin duka ukun.

Inda muke samun matsala mu mata shi ne kunya da kawaici. Sai a ce, "Ke dai ki yi haƙuri ki bar wa Allah," ko a tura kawu ya je ya ba da baki. Haƙuri abu ne mai kyau, amma kotun nan takarda take dubawa. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa kowa haƙƙin a saurare shi kafin a hukunta shi. Tun 1968, a shari'ar wani likita mai suna Denloye, Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin kotun ladabtar da likitoci, domin ba a nuna masa hujjojin da aka tara a kansa yadda ya kamata ba. Ashe neman ganin hujja ba rashin kunya ba ne, haƙƙi ne.

Ga matakan da ya kamata a kiyaye:

1. Ranar da takardar tuhuma ta iso, ki rubuta kwanan wata, ki duba wa'adin da aka ba ki. Kada ki bari ya wuce.

2. Kada ki amsa cikin fushi ko kuka, kuma kada ki sa hannu a abin da ba ki karanta ba. Jimla ɗaya ta "ku yafe mini" ana iya ɗaukarta amsa laifi.

3. Ki sanar da reshen ƙungiyarku ta NANNM, sannan ki nemi lauya tun kafin ki ba da amsa. Idan babu hali, ki tuntuɓi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ki ji shawararsu.

4. Kada ki taɓa fayil ɗin majinyaci bayan magana ta tashi. Goge layi ko ƙara layi ya fi kuskuren farko muni, don shi ha'inci ne.

5. Ki rubuta abin da ya faru tun kina tune: ƙarfe nawa, wa ya ba da umarni, majinyata nawa ne a hannunki, wane kayan aiki ne babu. Ki adana kwafin jadawalin aiki da na lasisinki.

6. Ki kame baki a WhatsApp da Facebook, kuma kada ki je gidan masu ƙara neman sulhu ba da sanin lauya ba.

7. Idan hukunci bai yi miki ba, doka ta ba da damar ɗaukaka ƙara, amma kwanakin ƙidayayyu ne.

Kada a fahimce mu a baibai. Majinyaci ma yana da haƙƙi, kuma wadda ta yi kuskure ta faɗi gaskiya ga lauyanta, shi zai san yadda zai gabatar da ita. Babbar garkuwar nas ita ce rubutun da ta yi a kan lokaci: allurar da ta yi, awon da ta ɗauka, sa'ar da ta kira likita.

Iyaye da mazaje, ku tsaya musu a irin wannan hali, kada ku ce su ajiye aikin don gudun magana. Mata da yawa ba sa sakewa sai a hannun mace 'yar uwarsu, kuma duk nas ɗin da muka rasa, giɓi ne a ɗakin haihuwa.

Tambayar nazari: a zamanku na gaba, ku tattauna bambancin kuskure da sakaci. Allah Ya tsare mana su, amin.