Yadda A Ke Samun Muryoyin Sama A Saksofon

Saksofon wani abin busa ne na Turawa. Jikinsa na tagulla ne, amma abin da ke haifar da amo a cikinsa ɗan sillen kara ne da a ke fereewa a ɗaura a bakinsa, shi za mu riƙa kira harshe. Wanda ya ƙago shi sunansa Adolphe Sax, mutumin Dinant ta ƙasar Beljiyam, aka kuwa ba shi takardar shaidar ƙagowar a birnin Paris cikin shekarar 1846. Maɓallan da ke jikinsa suna kai mabushi hawa biyu da rabi, watau in ya fara daga do na can ƙasa ya kan wuce do biyu a sama, ya tsaya wajen so. Nan yawancin masu koyo su ke zaton duniya ta ƙare. Alhali kuwa akwai sauran muryoyi bisa wannan, sirara ƙwarai, waɗanda gwanaye ke fitarwa har su cika hawa huɗu. Su ne abin da za mu duba a wannan darasi.

Kafin mu taɓa saksofon, mu tuna da kakaki. Ba shi da huda ko ɗaya da za a toshe da yatsa, duk da haka mai busa shi ya kan sauya murya daga ta ƙasa zuwa ta sama, tsawon kakakin kuwa bai ƙaru ba bai ragu ba. Dalili shi ne iskar da ke cikin kowane bututu tana iya kaɗawa iri iri: gaba ɗayanta, ko ta rabu biyu, ko uku, ko huɗu, kowace rabuwa da tata murya. A ƙaramin saksofon da a ke kira alto, in an rufe hudoji duka, iskar tana kaɗawa kamar sau 139 a daƙiƙa ɗaya. In ta rabu biyu sai ta kai wajen 277, in uku wajen 416, in huɗu wajen 554. Kunne kuwa ya kan ji su do, da do na sama, da so, da wani do kuma. Dukansu suna kwance cikin kamun yatsa guda, mabushi ne ke zaɓen wadda za ta tashi.

To, da me ya ke zaɓe? Abin da mai koyo ya kan fara yi shi ne cizo. Ya ga muryar ta ƙi fitowa, sai ya danne harshen karan da haƙoran ƙasa, ya ƙara ƙarfin hura. Wani lokaci a sami wata 'yar ƙara kamar ta ɓera, sai ya ce ya dace. Amma cizon nan yana matse hanyar iska, muryar ta shaƙe, ta kuma haura bisa inda ya kamata ta tsaya. Banda wannan, leɓen ƙasa yana naɗe ne bisa haƙora, saboda haka wanda ya saba da cizo ba ya rabuwa da gyambo a cikin leɓe, har ya kan yi kwanaki bai iya busa ba. Ni a ganina babu ɗabi'ar da ta fi wannan wuyar bari, gama tana ba mutum ɗan abin da ya ke nema yau, ta hana shi sauran har abada.

Aikin na cikin baki ne da maƙogwaro. Ku gwada yin fito, ku ɗaga muryar ku saukar. Leɓɓa ba su sāke ba, harshenku ne ke tasowa yana komawa. Ko ku ce "ku" sa'an nan ku ce "ki", ku lura da yadda tsakiyar harshe ke matsowa kusa da ganɗa. Haka gwanin saksofon ke yi, sai dai shi nasa a ɓoye ya ke, shi ya sa malamai suka daɗe suna shan wahalar bayyana shi ga almajiransu. A shekarar 2008 waɗansu masana uku na Jami'ar New South Wales da ke Sidni ta Ostareliya, Chen da Smith da Wolfe, suka sa wata 'yar na'ura a bakin saksofon suka auna abin da ke faruwa cikin bakin mutum yana tsakiyar busa. Suka tarar a muryoyin yau da kullum bututun ne ke mulki, kogon baki bai cika sa hannu ba. Amma can sama ƙarfin bututun ya kan ragu, sai gwanaye su daidaita kogon bakinsu da muryar da su ke nema, shi ya ja harshen karan ya bi. Waɗanda ba su iya wannan daidaitawa ba, ba su sami muryoyin ba.

Mutumin da ya fi kowa tsayawa kan wannan fanni shi ne Sigurd Rascher. An haife shi a Jamus a 1907, ya koma Amurka da zama a 1939. Dominsa ne Jacques Ibert na Faransa ya tsara wani kiɗa a 1935 wanda ke hawa can bisa iyakar maɓallai. A 1941 Rascher ya fitar da ɗan littafinsa mai suna Top-Tones for the Saxophone, abin mamaki kuwa, yawancinsa ba bayanin kamun yatsa ba ne. Horon kunne ne da na baki.

Ga yadda horon ya ke. Ka rufe hudoji duka, ka busa muryar ƙasa ta zauna sosai, ba rawa. Sa'an nan, ba tare da ka motsa yatsa ko ka taɓa maɓallin babban yatsan hagu ba, ka nemi do na sama. Kada ka hura tukuna. Ka fara jin muryar a zuciyarka, in ta ƙi sai ka rera ta da bakinka, kana ka busa. Wannan sharaɗi shi ne gindin abin duka, domin harshe da maƙogwaro ba su bin umurni irin na hannu, abin da kunne ya riga ya ji su ke bi. Wanda ya yi karatun allo ya san haka: ba a gaya wa yaro inda zai ajiye harshensa ga kowane harafi, ya kan ji daga bakin malam ne ya maimaita har ya faɗa daidai.

In do na sama ya samu, ka riƙe shi gwargwadon numfashinka, ka sauko ƙasa a hankali, ka sāke hawa. Sa'an nan ka nemi so, bayansa do na uku. Kowace ka samu, ka gwada ta da 'yar'uwarta da a ke kamawa da maɓallai, ka yi ta sauyawa tsakaninsu har su yi kusa da zama ɗaya a kunne. Daga nan ka buɗe huda ɗaya ta ƙasa ka sāke bin matakan daga farko. Yawancin mutane na uku ko na huɗu ke tsayar da su, wani makonni, wani watanni. Minti goma kullum ya fi sa'a biyu ran Lahadi, kuma da leɓe ya fara zafi a ajiye. Kumatu kada su kumbura irin na mai algaita, iskar kuwa daga ciki za ta taso, siririya mai sauri.

Harshen kara ma yana da nasa. Mai laushi ƙwarai ya kan manne ya rufe hanya in an hau sama, saboda haka a kan nemi mai ɗan tauri, amma ba wanda zai tilasta cizo ba. A kuma duba fatun da ke ƙarƙashin murafun hudoji, gama in ɗaya na yoyon iska duk wahalar banza ce.

Sai bayan muryoyi huɗu ko biyar sun zauna daga kamu guda ya kamata a buɗe takardun da ke nuna kamun yatsa na muryoyin sama. Za ka tarar murya ɗaya an ba ta kamu uku ko fiye, domin wanda ya yi wa alto daidai ba lalle ya yi wa babbansa tena ba, har saksofon biyu iri ɗaya su kan saɓa. Ka gwada su ɗaya ɗaya, wanda ya amsa a naka ka rubuta shi a littafinka. Ta farko bisa iyakar maɓallai ita ta fi gardama, har waɗansu malamai kan sa almajiri ya tsallake ta ya kama ta gabanta, sa'an nan ya gangaro mata daga sama.