Gyambon ƙafa: wane bandeji ne ya dace da wace ƙafa?

Mai gyambo a saman idon sawu yakan shekara yana sauya man shafawa, alhali ciwon yana cikin jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya. 'Yan ƙofofin cikinsu sun saki, jini ya kwanta a ƙasa, ƙafa ta kumbura, fata ta yi duhu har ta fashe. Babban maganin shi ne a matse ƙafar daga waje. Likitoci sukan nemi matsi kusan 40 a idon sawu, a ma'aunin da ake gwada hawan jini, ya riƙa raguwa zuwa gwiwa.

Sai dai bandeji suna suka tara.

Mai roba yana matsa ƙafa ba dare ba rana, ko mutum na tafe ko yana kwance. Ya dace da wanda ba ya iya yawo, amma da daddare yakan takura. Mai tauri, wanda ba ya miƙewa sosai, aikinsa daban. Idan mutum ya kwanta sai matsinsa ya sassauta. Da ya taka, naman dambubu ya kumbura ya tarar da bango, sai ya tura jinin sama. Irin wannan ne naɗin da Paul Gerson Unna, likitan fata na Hamburg a Jamus, ya ƙirƙiro a ƙarshen ƙarni na 19, ƙyalle da aka jiƙa da haɗin sinadarin zinc. Aibinsa shi ne da kumburi ya sabe sai ya yi sako-sako, a sake naɗawa. Ga manomi ko ɗan kasuwa mai yawan zirga-zirga, shi ya fi.

A shekarun 1980 asibitin Charing Cross na Landan ya fito da naɗi mai hawa huɗu, auduga a ƙasa, wanda kan riƙe matsinsa har mako guda.

Bandejin kirif da ake saya a kemis kuwa, riƙe auduga kawai yake yi, ba ya kai wannan matsin. Abin takaici, shi aka fi ɗaurawa.

Hannun mai naɗi ma yana da tasiri. Ja iri ɗaya ya fi matsa siririyar ƙafa a kan kakkaura, shi ya sa ake shimfiɗa auduga a kan ƙashin ƙwauri.

Kafin a ɗaura komai, dole a gwada ƙarfin jinin idon sawu da na hannu. Idan aka raba na idon sawu da na hannu, sakamakon ya gaza 0.8, ba a yin cikakken matsi. Ƙasa da 0.5, ba a matsawa sam. Mai ciwon suga yana bukatar ƙarin bincike, don gwajin kan yaudara a jikinsa. Bayan naɗi, idan yatsu suka yi sanyi, ko suka sandare, ko zogi ya tsananta, a kwance nan take a koma asibiti. Wanda gyambonsa ya warke kuma ya ci gaba da sa safa mai matsi, don ciwon yana yawan dawowa.