Yadda Kirista Suka Jera Al'amuran Ƙarshen Duniya

Galibin ɗarikun Kirista sun haɗu a kan abu uku: Annabi Isa (A.S.) zai komo, za a ta da matattu, za a yi hisabi. Haka yake cikin aƙidar da manyan malamansu suka tsayar a taron birnin Nikiya a 325, aka ƙarasa ta a Kustantiniya a 381. Amma wane ne zai riga wane, nan fa aka rarrabu.

Tushen saɓanin yana cikin sura ta 20 ta Wahayin Yahaya, littafin da ya rufe Sabon Alkawari. Can aka ambaci ɗaure Shaiɗan shekara 1,000, Almasihu yana mulki tare da salihai. Bayan haka a sake shi ɗan lokaci, ya tattaro Yajuju da Majuju, wuta ta sauko daga sama ta cinye su. Sa'an nan a kafa kursiyin shari'a, a buɗe littattafai, wanda ba a sami sunansa cikin littafin rai ba a jefa shi tafkin wuta.

To, shekarun nan 1,000, yaushe ne? Agustin, malamin Afirka ta Arewa da ya rasu a 430, ya fassara su da zamanin da ikilisiya take ciki tun zuwan Almasihu na farko, watau ba ƙidaya ce ta zahiri ba. A kan wannan Katolika da yawancin tsofaffin ɗariku suka dogara. Waɗansu suka ce sai bishara ta game duniya, an daɗe cikin salama, kana ya sauko. Waɗansu kuma suka ce saukowarsa ce farko, mulkin ya biyo baya.

Daga kashi na ukun nan ne maganar “fyaucewa” ta fito, wadda ake yawan ji a wa'azi har mutum ya zaci daɗaɗɗiya ce. Alhali John Nelson Darby, wanda ya rasu a 1882, shi ya tsara ta haka: a ɗauke masu bi zuwa sama farat ɗaya, a yi shekara 7 na tsanani ƙarƙashin Magabcin Almasihu, a gwabza yaƙin Armagedon, sannan mulki. Baibul mai sharhi na Scofield, bugun 1909, shi ya baza ta a Amurka.

Musulmi zai ji sunayen da ya sani, sai dai kada kamannin su rufe masa bambancin. A hadisai, Annabi Isa zai sauko ya kashe Dujal, Yajuju da Majuju su fito a zamaninsa, daga baya ya rasu kamar kowane bawa, hisabi kuwa na Allah ne Shi kaɗai. A wurin Kirista, Almasihu ba zai sake mutuwa ba, shi ne ma alƙalin da zai zauna ya ware mutane dama da hagu.