Ina Za Mu Kafa Alfarwarmu?

Karatu: Farawa 13:5-13, 19:1-30

Da wuya a sami iyalin da wannan tambaya ba ta taɓa ƙwanƙwasa musu ƙofa ba. An yi wa maigida canjin wurin aiki zuwa Abuja, ko gona ta gaji, ko kuwa unguwa ta ƙi zaman lafiya. Sai a zauna a yi lissafin haya da kuɗin makaranta. Sau da yawa sai an gama ɗaure kaya ake tunawa da Ubangiji, a ce ya sa albarka a kan abin da ba a shawarce shi ba.

Mu dubi Lutu. Da ƙasa ta kasa ɗaukar garkunansa da na Ibram, har makiyayansu suka soma faɗa, Ibram ya bar masa zaɓi, ko da yake shi ne babba. Lutu ya hango kwarin Urdun mai yawan ruwa, ya zaɓe shi. Ba laifi ba ne makiyayi ya so ruwa. Laifinsa shi ne ya auna ciyawa, bai auna maƙwabta ba. Ku lura da yadda ya yi ta matsawa: a sura 13 alfarwarsa tana kusa da Saduma, a sura 14 yana zaune a ciki, a sura 19 kuwa ga shi a ƙofar birni, inda manya suke zama. Manzo Bitrus ya kira shi adali, wanda muguntar garin take ci masa rai kullum (2 Bitrus 2:7-8). Duk da haka, ranar da ya gargaɗi surukansa, sun ɗauka wasa yake yi. Shekarun da ya yi a cikinsu ba su sa maganarsa ta yi nauyi ba ko a gidansa. Ya rasa matarsa a hanya, ya ƙare a kogon dutse.

Amma kada wani ya ɗauki wannan darasi ya yi wa ɗan'uwansa shari'a. Bayan rikicin Jos na Satumba 2001, iyalai da yawa sun bar gidajen da suka gina da guminsu. Ba rashin bangaskiya ba ne. Yusufu ma ya gudu da jariri Yesu zuwa Masar, bisa ga umarnin Allah. Masu bi da tsanani ya warwatsa daga Urushalima sun tafi da bishara a bakinsu, har Filibus ya kai ta Samariya (Ayyukan Manzanni 8). Wanda kuma aka kira ya tsaya, kamar mai bishara a ƙauyen da ba asibiti, kada a ce masa wawa.

Saboda haka, maigida, kafin ka biya kuɗin haya, ka zauna da uwargida da yara ku yi addu'a, ka kuma ji ra'ayinsu. Ka je unguwar ran Lahadi ka ga inda za ku yi sujada. In akwai majami'a, ka karɓi takarda daga fastonka ka kai wa dattawan can. In babu, ku tambayi kanku ko zauren gidanku ne za a fara taruwa a ciki.