Kafin a Raba Gandu

TAMBAYA

Ni ɗan kasuwa ne a Jibiya, ina saro wake da aya a Maraɗi, in kai musu sabulu da kayan roba. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya fi shekara ashirin yana zaune a Maraɗi da iyalinsa. Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS muke gardama da shi. Shi cewa yake yi sun kwance wa kansu igiya daga wuya, ni kuwa ina ganin fushi ne ya kwashe su. A majalisarmu wani malamin makaranta ya ce ai Birtaniya ma ta bar Tarayyar Turai kuma ga ta nan ba ta mutu ba, wani ya ce nadama suke yi. Abin ya kai yanzu gaisuwarmu da Yaya a waya ta yi sanyi. Don Allah a warware mana: me ya sami Birtaniya bayan ta fita, kuma wa ke da gaskiya tsakanina da Yaya?

Mai karatu daga Jibiya, Jihar Katsina

AMSA

Ɗan'uwa, kafin ka gama karanta wannan amsa, ka ɗauki waya ka gaida Yaya. An kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, amma hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta girme ta nesa ba kusa ba. Har gobe Sarkin Katsina ake kiran Sarkin Maraɗi. Ba ƙungiya ce ta ƙulla wannan zumunci ba.

Ka san gandu. Uba da 'ya'yansa gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Ranar da ɗa ya ce zai ware, ba wanda zai ce ya yi saɓo, haƙƙinsa ne. Amma dattawa ba sa tsayawa a kan "zai ware ko ba zai ware ba". Zama suke yi su tambaya: shanun huɗa na wa? Rijiyar da ke tsakar gida fa? Hanyar da zai bi zuwa gayaunarsa ta cikin gonar wa ta ratsa? Bashin takin bara wa zai biya? In aka raba gandu ba a yi wannan zama ba, rigimar da za ta biyo baya ta fi wadda ta jawo rabuwar. Abin da ya sami Birtaniya ke nan, kuma shi nake ji wa iyakarku tsoro.

Birtaniya ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai, wadda daga baya ta zama Tarayyar Turai, a 1973. Bayan shekara biyu aka yi ƙuri'ar raba-gardama, kashi 67 cikin 100 suka ce a zauna. Ƙorafi dai bai kwanta ba. A Janairun 2013 Firaminista David Cameron ya yi alkawarin sake tambayar jama'a, don ya kwantar da masu tayar masa da ƙura a jam'iyyarsa, ya kuma tare Nigel Farage da ke kwashe masa magoya baya. Ranar 23 ga Yunin 2016 aka miƙa wa kowa takarda mai gida biyu: a zauna, ko a fita. Shi ke nan. Ba a rubuta fita zuwa ina ba. Su kansu masu son fitar ba bakinsu ɗaya ba. Wasu na son a bar siyasar Tarayyar a ci gaba da cin kasuwarta kamar yadda Norway ke yi, wasu na son a yanke komai da komai. Duk gida ɗaya suka dangwala.

Kada ka ɗauka masu son fita ba su da hujja. Da ƙasashen gabashin Turai suka shiga Tarayyar a 2004, hasashen da gwamnati ta dogara da shi ya ce baƙin da za su riƙa shigowa ba za su wuce 13,000 a shekara ba. Waɗanda suka zo sun ninka haka sau da yawa. Mutanen garuruwan da masana'antunsu suka mutu suna kallon Landan na ta bunƙasa, su kuwa sai jiran layi a asibiti. A Sunderland kashi 61 suka zaɓi fita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma da masu cewa a zauna suka zo musu da lissafin bankuna, ba su ji an taɓo inda ke musu ciwo ba.

Sai dai an cuci gardamar daga ɓangarorin biyu. Masu son fita, su Boris Johnson, suka zagaya ƙasa da wata jar motar bas, an rubuta a jikinta cewa fam miliyan 350 ake tura wa Tarayyar Turai kowane mako, gara a zuba su a asibitoci. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce adadin yaudara ne, domin ana cire rangwamen da Firaminista Margaret Thatcher ta samo a 1984 tun kafin kuɗin su bar gida, wasu kuma suna dawowa ta hannun manoma da yankuna matalauta. Motar ba ta tsaya ba. Su ma masu cewa a zauna suka riƙa tsorata jama'a cewa da an zaɓi fita tattalin arziki zai durƙushe nan take, hakan kuwa bai faru ba. Zafin ya kai saura mako guda a yi zaɓe wani mai tsattsauran ra'ayi ya kashe 'yar majalisa Jo Cox, uwar yara biyu, a bakin titi a mazaɓarta. Ina so majalisarku ta riƙe wannan. Gardama irin wannan tana iya cin rai.

Mutum miliyan 17.4 suka ce a fita, miliyan 16.1 suka ce a zauna: kashi 52 da 48. Ingila da Wales suka zaɓi fita, Sikotland ta ce a zauna da kashi 62, Ailan ta Arewa da kashi 56. Gari na wayewa Cameron ya ce zai sauka. Sai a lokacin aka fara zaman da ya kamata a yi tun farko, ga shi kuwa ba a fafe gora ranar tafiya. Theresa May da ta gaje shi ta kawo yarjejeniyar rabuwa, majalisa ta watsar da ita har sau uku, na farko da ratar ƙuri'a 230. Ita ma ta sauka. Sai 31 ga Janairun 2020 aka fita, yarjejeniyar ciniki kuwa sai 24 ga Disamban wannan shekarar, saura mako guda wa'adin da aka ɗiba ya cika.

Ka san abin da ya fi komai ba su wahala? Iyaka. Tsakanin Ailan ta Arewa, wadda ke cikin Birtaniya, da Jamhuriyar Ailan, wadda ke cikin Tarayyar, akwai iyaka mai tsawon kilomita wajen 500 da mashiga fiye da 200. Akwai manomin da gidansa ke nan, gonarsa na can. Madarar da aka tatsa a arewa da asuba, a kudu ake sarrafa ta. An shekara kusan talatin ana zubar da jini a yankin kafin sulhun 1998, kuma kowa ya san in aka sake kafa shingen kwastan za a fama tsohon miki. A lokacin yaƙin neman ƙuri'a ba a cika ambaton wannan iyaka a Landan ba. Ita ce ta riƙe su har Fabrairun 2023, da aka yi gyaran da ake kira yarjejeniyar Windsor. Mutanen bakin iyakar ba su naɗe hannu ba: sun riƙa kafa shingen kwastan na kwaikwayo a kan tituna, don manya su ga abin da ke jiransu.

Malamin makarantarku ya yi gaskiya, Birtaniya ba ta mutu ba. Tana ƙulla cinikinta da kanta, ta ƙulla da Ostireliya da New Zealand. Wanda ya ce nadama ma bai yi ƙarya ba. Hukumar da ke yi wa gwamnati hasashen kasafi ta ce a tsawon lokaci arzikin ƙasar zai gaza abin da zai kasance da kashi 4. A Janairun 2021 masu kifi suka jera manyan motocinsu kusa da fadar Firaminista, saboda kayansu na ruɓewa a jiran takardu. Baƙin da aka ce za a rage kuwa ƙaruwa suka yi: kafin ƙuri'ar rarar masu shiga a kan masu fita wajen 330,000 ce a shekara, a 2023 ta kai wajen 900,000, cikinsu har da dubban 'yan Najeriya ɗalibai da masu kula da tsofaffi. Shekarun baya-bayan nan ƙuri'un jin ra'ayi suna nuna fiye da rabin mutanen ƙasar na ganin kuskure aka yi.

Yanzu mu dawo gida. Yaya yana da gaskiya a wuri mai girma, kuma ina so ka faɗa masa haka da bakinka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta rufe iyakoki, ta ba sojoji kwana bakwai, ta yi barazanar yaƙi. Najeriya ta yanke wutar da a lokacin Nijar ke samun wajen kashi 70 na lantarkinta daga gare ta. Yamai da Maraɗi da Damagaram suka shiga duhu. Kai shaida ne, ka ga layin tireloli a bakin iyaka, ka ga albasa da tumatir suna narkewa a buhu da kwando. Janar ba ya kwana a duhu. Mai sayar da ƙanƙara, da mai jego a asibiti, da mai ciwon sukari da maganinsa ke buƙatar sanyi, su suka sha. Wannan ƙungiyar kuwa ba ta ɗaga irin wannan sanda ba lokacin da shugabannin ƙasashenta biyu, Alpha Condé da Alassane Ouattara, suka yi tazarce karo na uku a 2020. Sai da sanatoci, da Sarkin Musulmi, da malamai suka shiga tsakani aka kauce wa yaƙi. Da aka ɗage takunkumin a 24 ga Fabrairun 2024, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Wanda aka kashe wa fitila a daren da ɗansa ba lafiya ba zai saurari wa'azin haɗin kai ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Kai ma kana da taka gaskiyar. Birtaniya ta yi wa mutanenta rabin tambaya. A Nijar da Mali da Burkina Faso, da suka fice tare, ko rabin ba a yi ba. Ranar 28 ga Janairun 2024 aka karanta sanarwar ficewa a talabijin, magana ta ƙare. Babu ƙuri'ar raba-gardama, babu zaɓaɓɓiyar majalisa, an dakatar da jam'iyyu. Jama'a sun fito gangamin goyon baya a Yamai, gaskiya ne, kuma mai yiwuwa da an tambaye su fitar za su zaɓa. Amma gangami ba ƙidaya ba ne, kuma ɗan ci-rani da ke Kano ko Zangon Kumasi ba wanda ya ji ta bakinsa.

Ga inda zancen ya shafi aljihunka. Tun 1979 yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga ƙasar ɗan'uwansa ya yi kwana 90 ba biza. Na san za ka ce Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 tana cikin ƙungiyar, kuma kun ji jiki. Haka ne, an taka takardar. Amma akwai takardar da za a ɗaga a ce an taka. Da ficewar ta tabbata a 29 ga Janairun 2025, ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da barin mutane da kaya su wuce, har sai an sake ba da sanarwa. Su ma ƙasashen uku sun ce ƙofarsu a buɗe take. Ka lura da kalmar nan, har sai an sake ba da sanarwa. Abin da yake haƙƙi ya koma alfarma, mai alfarma kuwa yana iya janye ta ranar da ransa ya ɓaci. Ba a yi wata uku ba ƙasashen uku suka sa harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan da ke shigo musu daga waje, har da na ƙasashen ECOWAS. Kuɗin ba yawa, amma ya nuna ƙa'ida na iya sauyawa dare ɗaya.

Akwai wani abu da ban cika jin ana faɗa ba. Nijar ba ta bar UEMOA ba, ƙungiyar masu kuɗin sefa, don haka tsakaninta da Kwaddibuwa da Togo da Senegal akwai sauran igiya. Najeriya da Gana ba sa cikin wannan ƙungiya. Ke nan iyakar da ta fi zama a fili ba rumfa ita ce taku: Jibiya, Illela, Kwangwalam, Maigatari, Kamba, kilomita fiye da 1,500 da jihohi bakwai.

A nawa ganin, Nijar tana da ikon ware tukunyarta, kuma ECOWAS ce ta tura ta bakin ƙofa. Amma ba a yi zaman rijiya da hanya ba, kuma ba a tambayi masu shan ruwan ba. Ana iya yin zaman. Muritaniya ta fice a 2000, ta dawo ta sa hannu a yarjejeniyar hulɗa da ƙungiyar a 2017. Akwai kuma hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar tun 1971, mai hedikwata a Yamai. Da ni ne ku, da ƙarfin da kuke ɓatawa a gardamar waya na sa shi wajen haɗa ƙungiyar 'yan kasuwar Jibiya da ta Maraɗi, su kai wa sarakuna da gwamnoni buƙata ɗaya: a rubuta a takarda, ƙasashen biyu su sa hannu, wace shaida mutum zai nuna a Magama da Ɗan Isa, kwana nawa zai yi, nawa zai biya a kan buhun wake, kuma kwana nawa za a sanar kafin a sake rufe ƙofa. Kai kana wannan tsallake, Yaya yana wancan, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi ana shimfiɗa shi ta garinku.

A gaida Yaya da iyali, a gaida mutanen majalisa.