Leda Ko Sitika: Wanne Ake Fara Ɗora Wa Mota?

Da hunturun bara wani matashi ya shigo mini shago da Mustang fara, mai baƙaƙen layuka biyu da suka taso daga bamba ta gaba, suka haye bonet da rufi, suka sauka a but. Ko injin bai kashe ba ya fito ya ce, "Oga, don Allah zo ka duba mini nan." Na sunkuya, na haska tocila a karkace. A gefen kowane layi, tun daga hancin motar har gindin gilashi, akwai wani siririn zare fari-fari, kaurinsa bai kai tsinken ashana ba. Can gaba, inda ledar ta ƙare, zaren ya riga ya koma ja, don ƙura ta samu hanya tana bi. Wata huɗu ke nan da ya kashe kuɗi masu kauri a wani shago aka rufe masa gaban motar da ledar kare fenti. Ledar mai kyau ce, wanda ya shimfiɗa ta ma ya iya hannunsa. Sai dai a kan sitika aka ɗora ta, kuma babu wanda ya zaunar da shi ya gaya masa abin da zai biyo baya.

Irin wannan ya sha zuwa hannuna, shi ya sa nake so masu motocin gudu, irin su Mustang da Camaro da Challenger, su san maganar tun kafin su fitar da sisi.

Abin da muke kira leda a bakin aiki wata roba ce mai suna foliyuretan, garau kamar ruwa, mai miƙewa, kaurinta kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Asalinta kayan soja ce. Kamfanin 3M ya fara yin ta a zamanin yaƙin Biyetnam, domin kare fukafukan jirage masu saukar ungulu daga yashi da tsakuwa. Masu tseren mota suka ɗauka, daga nan ta gangaro motocin gida. A 2011 kamfanin XPEL na jihar Texas ya fito da wadda fuskarta ke warkar da kanta: ƙaramin karce, da zarar rana ta gasa shi ko an zuba ruwan ɗumi, sai ya shafe. Manyan kamfanonin ledar sukan ba da garantin shekara 10.

Sitika kuwa robar finil ce, kaurinta bai kai rabin na leda ba. Ado ce kawai, tsakuwa ba ta jin tsoronta. Kuma inda ake shimfiɗa layukan, wato bonet da rufi da but, nan ne rana ke dukan mota a tsaye tun daga hantsi har la'asar. Su kansu masu yin finil ɗin, garantin da suke bayarwa a kan bonet da rufi bai kai na gefen ƙofa ba. A ranarmu ta watan Maris da Afrilu na sha ganin baƙar sitika ta kode, ta yi toka-toka, ta fara tsattsagewa, alhali ledar da ke kusa da ita ko gezau. Saboda haka duk wanda ya binne sitika a ƙarƙashin leda, ya kulle abu mai gajeren kwana a cikin mai dogon kwana. Ranar da sitikar ta mutu, sai an yaye ledar kafin a kai gare ta, kuma ledar da aka yaye ba ta komawa. Ko da sitikar lafiyarta lau, ledar ce ake son canzawa, gam ɗin ledar yakan taho da ita.

Shi kuma wancan zaren da matashin ya nuna mini, ga yadda yake faruwa. Sitika komai sirinta tana da tudu a bakinta. Ka shimfiɗa tabarma a kan dakali ka bari ta zubo ƙasa, za ka ga ba ta shiga lungun, akwai ɗan kogo da take bari. Haka leda ke yi a bakin sitika. Ranar aiki ruwa ya cike kogon, komai ya yi sumul, mai mota ya tafi yana murna. Bayan kwanaki ruwan ya bushe, iska ta maye gurbinsa, zare ya bayyana. A farar mota sai an matso ake gani, a baƙa ko shuɗiya tun daga nesa yake ɗaukar ido. Ƙwararren hannu yana iya rage shi sosai, amma ni ban taɓa yi wa kowa alkawarin zai ɓace ɗungurungum ba.

Akwai abu na biyu da ya fi ci wa matashin rai. Layukansa baƙi ne marar sheƙi, don haka ma ya so motar. Leda mai sheƙi ta hau na bonet, suka koma suna walƙiya, na rufi da ba a rufe ba suna nan yadda suke. Mota ɗaya, layi kala biyu.

Ni dai tsarina, leda a ƙasa, sitika a sama. Muna ɓare tsohuwar sitika da zafi a hankali, mu wanke gam ɗin, sannan mu goge fentin da inji. Wannan gugar ba a tsallake ta, domin fentin da ya kwana ƙarƙashin sitika bai sha rana ba, yakan bar inuwar layin. In ba a daidaita shi ba, leda za ta rufe inuwar ta zauna da ita. Sai a shimfiɗa leda da ruwan da aka ɗiga wa sabulun wankan jarirai, a matse. Daga nan sai haƙuri. Ba na ɗora sitika sai ledar ta yi aƙalla mako guda, da damina ma nakan ƙara, don ruwan da ke ƙasa ya gama fita. Nan muka fi samun saɓani da masu mota, musamman in biki ya matso: "Ranka ya daɗe, a bari ta sha iska," "Kai dai manna kawai, Asabar nake so." Sitikar da aka ja a kan ɗanyar leda tana iya ɗaga ta, a yi biyu babu.

Wajen yanka kuma, ina roƙonku ku sa ido. Akwai tef mai siririn zare a cikinsa: a shimfiɗa shi inda ake son bakin layi, a ɗora sitika a kai, a ja zaren ya yanko ta daga ƙasa. Ba ruwansa da leda, ba ruwansa da fenti. Duk wanda ka ga ya zaro reza a kan bonet ɗinka, ka dakatar da shi. Ledar tana warkar da karce, amma ba ta haɗe yanka. Ruwan siramik, in ana so, shi ne na ƙarshe, domin gam ba ya kama wurin da aka shafa shi. Wasu ledojin ma da irin wannan santsin suke zuwa daga kamfani, don haka nakan manna ɗan ƙyallen sitika a lungu in kwana biyu ina dubawa.

Tsarin nan yana da nasa farashin, ba zan ɓoye ba. Sitikar da ke sama ita ke karɓar tsakuwar hanya, za ta yi tabo. Amma canza layi biyu aikin yini guda ne, kuɗinsa bai kama ƙafar na leda ba. In ta daɗe ƙwarai aka cire ta, ana iya ganin ɗan bambancin haske a ledar.

Ba kowane layi ne sitika ba. Wasu fenti ne, an rufe su da fentin sama mai haske. Ka bi bakin layin da farce: in ba ka ji tudu ba, a ɗora leda kai tsaye. Wanda kuma layinsa sitika ce ta kamfani, yana son ya bar motar yadda ta fito, ba na ganin laifinsa. Layukan nan suna da asali: motocin Briggs Cunningham farare masu shuɗin layi sun yi tseren Le Mans a Faransa a farkon shekarun 1950, Shelby GT350 ta 1965 kuma ta kawo adon kan titi. Irin wannan mai motar nakan rufe masa layin da leda, amma sai na nuna masa zaren a jikin wani tsohon bonet da na ajiye a shago, ya gani da idonsa ya amince.

Abin da ya fi ba ni tsoro a nan ƙasar shi ne fentin da ke ƙasa. Da yawa daga cikin motocin nan daga gwanjon Amurka suke, sun yi haɗari, an shigo da su ta Legas ko Kwatano, an gyara an fesa. Kafin in taɓa mota sai na ɗora mata na'urar auna kaurin fenti. Na kamfani yawanci yana wajen maikiron 100 zuwa 150. In na ga bonet ya ninka haka sau biyu ko uku, na san an sake fesawa, watakila har da ciko. Fentin da bai kama da kyau ba yana iya biyo sitika ko leda ranar ɓarewa, gara mai mota ya ji haka daga bakina tun wuƙa ba ta kai ƙashi ba. Sabon fenti kuwa sai ya yi aƙalla kwana 30 kafin a rufe shi, in mai fentin ya ce a ƙara, a ƙara.

Sauran aikin yana hannun mai wanki. Kada ya kafa bakin injin feshi a gefen sitika ko leda, kada ya goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma, kada fetur ko kalanzir su zo kusa. Sitika marar sheƙi ba a yi mata folish, tabon da zai bari ba ya fita. Kashin tsuntsu, in an yi fakin a gindin darbejiya, a wanke shi ran nan.

Matashin nan, ledar bonet da ta bamba muka yi asara, ta gefen fitilu da madubai muka bar masa. Sitikar ta taho da ledar kamar yadda na gaya masa, fentin kuma Allah ya taimaka na kamfani ne, bai motsa ba. Muka shimfiɗa sabuwar leda, motar ta kwana takwas a shago, a rana ta tara muka ja masa layukansa baƙaƙe marasa sheƙi tun daga bamba har but, kala ɗaya.