Darasin Kimiyya: Motar da Waya Ke Buɗewa, da Matsalarta a Ƙofar Gida

A wannan makon filinmu na kimiyya ya leƙa wasu motoci na zamani da ba sa buƙatar makullin ƙarfe. Wayar mai motar ita ce makullinsa. Tambayar da muke so mu amsa ita ce: idan motar tana ƙofar gida, wayar kuma tana cikin ɗaki, wa motar za ta buɗe wa?

Yadda waya ta zama makulli

Kamfanin Tesla na Amurka ya fito da motarsa Model 3 a shekarar 2017, kuma babban makullinta shi ne waya. Mai mota yana sauke manhajar kamfanin, ya haɗa wayar da motar ta Bluetooth, irin wanda muke tura waƙa ko hoto da shi daga waya zuwa waya. Daga nan ba sai ya ciro wayar daga aljihu ba. Da ya matso ya ja hannun ƙofa, sai ta buɗe. Idan ya yi nisa kuma, sai motar ta kulle kanta.

A shekarar 2020 kamfanin Apple da kamfanin BMW na Jamus sun kawo nasu tsarin, mai aiki da NFC. Shi wannan sai an kara wayar a jikin hannun ƙofa, domin siginarsa ba ta wuce 'yan santimita. Saboda haka ba ya buɗe wa kowa daga nesa.

Mota ba ta da ido

Nan ne gundarin darasin. Motar ba ta san fuskar mai ita ba. Abin da take yi kawai shi ne sauraren siginar waya. Idan siginar ta zo da ƙarfi, sai ta ce mai gida ya iso. Idan ta zo da rauni, sai ta ce yana nesa. Kamar mutum ne a cikin duhu, yana ƙiyasta nisan mai magana daga ƙarfin muryarsa.

To amma siginar rediyo tana ratsa bango, da taga, da ƙofar katako. Bango yana rage mata ƙarfi, amma ba kullum yake tare ta ba. A kasuwa ko a wurin aiki wannan ba damuwa ba ne, tunda mai mota yana tafiya nesa da ita. A gida lamarin ya sha bamban. Mota na iya kwana a jikin bangon ɗakin da aka jona wayar a caji, tsakaninsu bai fi taku uku ko huɗu ba.

Abubuwa uku na iya faruwa. Na farko, motar ta ƙi kulle kanta, domin a ganinta mai ita bai tafi ba. Na biyu, wani ya zo wucewa ya ja hannun ƙofa, ta buɗe masa. Na uku, yaro ƙarami ya buɗe ya shiga yana wasa, ƙofa ta rufe. Wannan shi ne mafi haɗari, domin motar da ke rufe cikin rana tana ɗaukar zafin da zai iya halaka yaro.

A motocin Tesla akwai wani zaɓi da ke hana motar kulle kanta idan tana gida. An yi shi ne domin masu gareji mai ƙofa. Wanda ke ajiye motarsa a bakin titi, idan ya kunna wannan zaɓin, ya bar ta a buɗe ke nan har gari ya waye.

Dabarar ɓarayi

Akwai sata ta mutum biyu. Ɗaya yana tsayawa a jikin bangon gida da na'urar da ke kama siginar makulli. Ɗayan yana tsaye kusa da mota da tasa na'urar. Na farko ya cafe siginar ya miƙa wa na biyu, sai motar ta ji kamar makullin yana gabanta. Ba su fasa gilashi ba, ba su san lambar sirri ba, saƙo kawai suka kai.

Masana sun gwada wannan. A shekarar 2011 masu bincike a jami'ar ETH da ke Zurich, a ƙasar Suwizalan, sun ba da rahoton gwajin da suka yi a kan motoci iri 10 na kamfanoni 8 masu makullin aljihu, kuma dabarar ta ci dukkansu. A shekarar 2022 kamfanin tsaron kwamfuta na NCC Group a Birtaniya ya nuna cewa ana iya yin haka ga makullin waya na Tesla mai aiki da Bluetooth.

Maganin da lissafi ya kawo

Injiniyoyi sun ga cewa ƙarfin sigina yana ruɗi, sai suka koma auna lokaci. Sabuwar hanyar ana kiranta UWB, kuma BMW ya sa ta a motarsa iX a shekarar 2021. Mota tana aika sigina ga waya, waya ta amsa, sai motar ta ƙirga lokacin zuwa da dawowa. Mun san irin wannan a damina: idan walƙiya ta haska, tsawa ta daɗe ba ta iso ba, mun san hadarin yana nesa.

Siginar rediyo tana gudu daidai da haske, wato kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. A cikin kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa tana cin kusan santimita 30. Ɓarawo na iya ƙara wa sigina ƙarfi, amma ba zai iya sa ta fi haske gudu ba. Duk zagayen da ya yi da ita sai ya ƙara lokaci, motar kuma ta gane makullin yana nesa.

Me ya shafe mu?

Motoci masu makullin waya ba su yawaita a garuruwanmu ba tukuna. Amma yawancinmu mun ga motocin Kwatano da ake tayarwa da danna maɓalli, makullin yana aljihun direba. Su ma da kusanci suke aiki, kuma irinsu ne aka gwada a Zurich. Ga abin da za mu iya faɗa wa iyayenmu da yayyenmu:

1. Kada a rataye makulli ko a ajiye wayar a bakin ƙofa, ko a tagar da ke kallon mota.
2. A sa makullin aljihu a gwangwanin ƙarfe mai murfi, sannan a je kusa da motar da gwangwanin a gwada. Idan ƙofa ta ƙi buɗewa, ya yi aiki.
3. Mai makullin waya ya kashe Bluetooth da dare, ko ya kashe buɗewa da kanta a cikin saitin motar.
4. Idan motar tana karɓar lambar sirri kafin ta tashi, kamar Tesla, a sa mata.
5. A tabbatar ta kulle kafin a shiga gida, kuma kada a bar ƙananan yara su yi wasa a cikinta.

Hausawa sun ce kowa ya kwana lafiya shi ya so.

Aikin gida

Sigina ta tafi daga mota zuwa waya ta dawo cikin kashi 20 bisa biliyan na daƙiƙa. Idan ba mu lissafa jinkirin wayar ba, mita nawa ne tsakaninsu? Ku tuna tafiyar zuwa da dawowa ce. Ku rubuta amsa da sunanku da ajinku, ku jefa a akwatin kulob kafin ranar Alhamis. Za mu manna sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba, in sha Allahu.

Daga wakilanku na aji biyu, ƙaramar sakandare, Kulob ɗin 'Yan Jarida.